Yadda ake ɗaura na'urar ƙara matsin iska a inji mai turbo biyu: misali da Nissan 300ZX

Duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin Nissan 300ZX ƙirar Z32, wadda ta fara fitowa a 1989, ya san wurin a cunkushe yake, ko hannu ba ya shiga sai da dabara. A cikinsa akwai injin VG30DETT mai silinda shida, uku a dama uku a hagu, lita 3, kowane ɓangare da turbonsa da intakularsa, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa. A ƙirar Amurka, mai giyar hannu tana ba da ƙarfin doki 300, otomatik kuma 280. Na zaɓe ta ne domin turbo biyun nata tare suke aiki kafaɗa da kafaɗa, don haka abin da za ka koya a kanta zai yi maka amfani a kan sauran injinan da aka tsara haka, irin su RB26DETT na Skyline GT-R da injin Mitsubishi 3000GT VR-4.

Kafin ka taɓa sifana, ka fahimci abin da na'urar take yi, domin a nan ne mafi yawan ɓarna take farawa. Hayaƙin inji ne yake juya turbo, turbo kuma ya cusa iska cikin inji da matsi. Idan aka bar shi haka, matsin zai yi ta hawa har wani abu ya fashe. Shi ya sa kowane turbo yake da 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙi, wadda idan ta buɗe hayaƙin zai kewaye turbo ya wuce salansa. Abin da ke buɗe ƙofar wani ɗan gwangwani ne mai roba da sifirin a ciki, da sanda da ta fito daga jikinsa. Siririn tiyo yana kawo masa iska mai matsi, idan iskar ta fi ƙarfin sifirin sai sandar ta tura ƙofa. A Z32 sifirin yana sakin ƙofa a wajen psi 7 (psi ma'aunin matsi ne). Kamfani ya sa wa kowane ɓangare bawul mai lantarki wanda yake zubar da kaɗan daga iskar kafin ta kai gwangwani, sai matsin ya hau zuwa wajen psi 9.

Na'urar da za ka ɗaura ba ta ƙera iska. Ɓoye wa gwangwanin gaskiyar matsin take yi, don ƙofa ta daɗe a rufe. Saboda haka ba za ta iya saukar da matsi ƙasa da ƙarfin sifirin ba, hawa kawai ta iya.

Ga abin da nake so ya zauna maka a rai tun yanzu. Waɗancan bawul biyu na kamfani su ne hannun kwamfutar injin, wadda a gareji ake ce wa birenbos. Idan ta ji inji yana ƙwanƙwasa, wato mai yana fashewa a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, sai ta rufe su, matsi ya koma psi 7, inji ya tsira. Ranar da ka cire su daga hanyar iska, ka karɓe wannan gadin daga hannunta ya dawo wuyanka. Za ta iya ja da lokacin wuta baya, amma ba ta da sauran iko a kan matsi.

Injinan da wannan hanya ba tasu ba ce

Toyota Supra mai 2JZ-GTE da Mazda RX-7 ta ƙirar FD suna da turbo biyu, amma ɗaya ne yake fara aiki, na biyun ya shigo daga baya, kuma akwai tarin bawul da tiyo da ke tsara wannan miƙa aiki. Injin N54 na BMW 335i kuwa da zuƙar iska ake rufe ƙofofinsa, ba da matsi ake buɗe su ba, wato akasin abin da na bayyana. Su Audi masu injin 2.7 kwamfutarsu tana auna matsin da kanta, da ta ga ya saɓa wa lissafinta sai ta kashe wa motar ƙarfi. Waɗannan ta kwamfuta aka fi gyara su. Kada ka ɗauki wannan bayani ka kai musu.

Da farko, a tabbatar injin lafiyarsa ƙalau

Mafi ƙanƙantar shekaru cikin motocin Z32 ta haura shekara ashirin, kuma robobinta sun sha zafi. Ƙara wa inji mai ciwo matsi kamar ɗora wa jakin da ke ɗingishi buhu na biyu ne.

Ka fara da kwamfutar, tana ƙarƙashin katakon da ke wajen ƙafar mai zaman gaba. Ka sa ta karanto maka laifuffukanta. Lamba 55 tana nufin babu laifi. Lamba 34 tana nufin na'urar jin ƙwanƙwasa ko wayarta ta samu matsala, kuma mota mai wannan laifi a psi 7 take tsayawa. Na sha ganin wanda motarsa ta yi sanyi saboda lamba 34, maimakon ya gyara wayar sai ya sayo na'urar ƙara matsi ya tsallake gargaɗin. Motar ta farfaɗo, ya yi murna, amma ya mayar da injinsa kurma ne a daidai lokacin da ya fi bukatar kunne.

Daga nan ka duba lokacin wuta da fitilar taimin, digiri 15 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Ka auna matsin kowace silinda. Ka duba fulogi, ka canza filtar mai, ka tabbatar famfon mai yana turawa yadda ya kamata. Taimin bel ana canza shi duk mil 60,000, idan ba ka san tarihinsa ba ka ɗauka lokacinsa ya yi. Sannan ka nemi yoyon iska: ka toshe bakin shigar iska, ka hura matsi kaɗan kamar psi 5, ka bi duk mahaɗa da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan iska take gudu. Turbo da yake hura bututu mai yoyo yana gudu fiye da ƙima don ya cike giɓin, kai kuma kana shirin ƙara masa aiki.

Akwai gwaji ɗaya da ya keɓanta da mai turbo biyu. Ka samu ɗan famfon hannu mai agogo, ka hura wa kowane gwangwani iska shi kaɗai, wani yana kallon sandar daga ƙarƙashin mota. Dukansu biyu su fara motsi a matsi ɗaya ko kusa da haka, kuma su riƙe iskar ba tare da allura ta zame ba. Idan na dama ya motsa a 6 na hagu sai a 9, ko ɗaya ba ya riƙe iska saboda robarsa ta tsage, ka tsaya nan ka gyara. Babu na'urar da za ta daidaita gwangwani biyu da suka saɓa.

Kayan da za ka tanada

Na'urorin iri biyu ne. Akwai ta hannu, mai ƙwallon ƙarfe da sifirin da noti da ake murɗawa. Tana da araha, tana aiki, amma ba ta da gargaɗi kuma ba ta san ta ja da baya ba. Akwai ta lantarki, irin GReddy Profec, Apexi AVC-R, HKS EVC da Turbosmart e-Boost2. Tunda za ka cire kariyar kamfani, ni ta lantarki nake ba da shawara, domin tana da iyakar da za ta rage matsi da kanta idan ya zarce. Bayanina zai bi masu bawul mai baki uku kamar Profec da AVC-R. EVC da ɗan moto take aiki, bakunanta daban ne, sai ka bi takardarta.

Ban da na'urar, ka sayi sabon tiyon silikon na milimita 6 kamar mita uku, da na milimita 4 kamar mita biyu, da mahaɗa mai siffar T guda uku, ta tagulla ta fi ta roba jure zafin wannan inji. Sai kilif na kowane baki, murfin toshe baki, igiyoyin ɗaure waya, fis na amfiya 5 ko abin da takardar na'urar ta ce, dalma da mitar gwajin wuta. Kada ka dogara da agogon matsi na dashbod, kintace kawai yake yi. Abin da ya fi komai muhimmanci bayan na'urar shi ne agogon auna haɗin iska da mai, irin mai faɗin karatu da ake ɗaura kansa a salansa. Wanda ba shi da kuɗin wannan agogo, gara ya jinkirta aikin.

Cire tsohon tsari

Ka bar inji ya huce sarai, ka cire kan batir na baƙi. Ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka zare ko tiyo ɗaya.

Ka fara da ɓangare guda. Nemo gwangwanin, ka bi tiyonsa da yatsa. Zai kai ka wata mahaɗa: hannu ɗaya ya tafi bakin da ke jikin bututun iska mai matsi, wato bayan turbo, ɗayan ya tafi bawul na kamfani. Daga bawul ɗin wani tiyo ya fita ya koma bututun shigar iska da ke gaban turbo. Ka liƙa wa kowanne salatif ka rubuta sunansa, sannan ka zare su duka. Tsohon tiyo yakan ƙame a baki, kada ka ja da ƙarfi, ka tsaga shi da reza a tsaye ya sauka da kansa.

Bakin da ke kan bututun shigar iska ya zama ba shi da aiki yanzu. Ka toshe shi da murfi ka ɗaure da kilif. Idan ka bar shi a buɗe, inji zai sha iskar da ba a auna ba, kuma ƙura za ta shiga turbo kai tsaye ba ta bi ta filta ba. Bawul ɗin kamfani ka bar shi a wurinsa da soket ɗinsa a jone, ka toshe bakunansa, wata rana za ka so mayar da motar yadda take. Ka maimaita haka a ɗaya ɓangaren. Kada ka sake amfani da tsohon tiyo, domin akan samu ɗan ƙarfe mai siririn rami a cikinsa wanda yake rage gudun iska, kuma zai rikita maka saiti.

Ɗaura bawul da jan tiyo

Nan ne zuciyar aikin. Bawul ɗaya ne zai yi wa turbo biyu magana, don haka dole maganar ta isa kunnen kowanne a lokaci ɗaya.

Ka zaɓa wa bawul wuri a tsakiya gwargwadon hali, nesa da manifol na hayaƙi, inda ruwan wanki ba zai zauna masa ba. Ka sa roba tsakaninsa da bodi, domin yana buɗewa yana rufewa sau da yawa cikin daƙiƙa, kuma ƙarar tana shiga cikin mota. Kafin ka ɗaure shi, ka duba rubutun bakunansa: NO (a buɗe idan babu wuta), COM (bakin tarayya) da NC (a rufe idan babu wuta). Ka sa baki ka hura ta NO ba tare da wuta ba. Iska ta fito ta COM. Wannan ƙaramin gwaji shi ne tabbacin cewa idan fis ya ƙone ko waya ta tsinke, iska za ta tafi gwangwani kai tsaye, matsi ya faɗo psi 7, ka isa gida lafiya.

Yanzu ka ja tiyon milimita 6 daga bakin matsi na dama, wani daga na hagu, ka haɗa su da T, ƙafar T ta shiga NO. Wasu suna ɗauka daga ɓangare ɗaya su toshe ɗayan, kuma yana aiki, amma na fi son ɗauka daga duka biyun domin bawul ya ji matsakaicin abin da turbo biyun suke yi. Daga COM ka fitar da guntun tiyo zuwa T na biyu, daga nan hannu ɗaya zuwa gwangwanin dama, ɗaya zuwa na hagu. Waɗannan hannaye biyu ka yanke su tsawo ɗaya, ka jera su a kan tebur ka auna kafin ka saka. Ko da gwangwani ɗaya ya fi kusa, ka bar rarar tiyon ta kwanta a lanƙwashe a hankali maimakon ka gajarta shi. Idan ɗaya ya fi tsawo sosai, ƙofarsa za ta makara, turbonsa ya riƙa ɗaukar kaya fiye da ɗan'uwansa duk lokacin da ka taka totur. Agogonka ba zai nuna maka wannan ba, domin jimillar iskar yake karantawa.

Bakin NC a buɗe ake barinsa, nan ne iska take fita. Ka juya shi ya kalli ƙasa, ka sa masa 'yar filtarsa idan ya zo da ita. Wanda ya toshe shi, matsi ba zai hau ba ko ya murɗa na'ura har ƙarshe. Wanda kuma ya juya haɗin, ya kai tiyon matsi NC, gwangwani ba zai ga iska ba idan na'ura tana kashe, ƙofofi su ƙi buɗewa, matsi ya tafi babu linzami. Wannan kuskuren cikin daƙiƙa kaɗan yake cin fistin.

Kowane baki ya samu kilif. Tiyon da ya zame daga gwangwani daidai yake da haɗin da aka juya. Ka bi hanyar tiyo duka, kada ya taɓa ƙarfe mai zafi, kada ya gogi fanbel, kada ya karye a kwana.

Tiyon ji da wayoyi

Na'urar tana bukatar ta san matsin da ke cikin manifol na shigar iska, wato bayan totur. Ka yanke tiyon da yake zuwa na'urar agogon matsi na kamfani ka sa T na uku, ka ja tiyon milimita 4 daga nan. Wasu takardu suna cewa a ɗauka daga tiyon regiletar mai. Ni ba na yi, domin idan mahaɗar ta zame a can, matsin mai ba zai bi matsin iska ya hau ba, inji ya rasa mai a daidai lokacin da yake tsakiyar aiki. A wasu na'urori tiyon har cikin mota yake shiga, a wasu kamar AVC-R ɗan akwatin ji a ɗakin inji yake zama, waya ce kawai take shiga.

Ka ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota ta ramin da yake da roba tun asali. Jar waya ta tafi layin da yake samun wuta idan an murɗa makulli kawai, ka tabbatar da mita, ka sa fis kusa da inda ka ɗebo. Baƙa ta tafi noti a jikin bodi, ka kankare fenti har ƙarfe ya fito. Ka yi dalma, kada ka murɗe waya da hannu ka naɗe da salatif. AVC-R tana neman ƙarin wayoyi daga kwamfuta, na juyin inji da na gudu da na totur, ka bi zanen wayoyin shekarar motarka.

Ka mayar da kan batir ka tayar. A tsaye, lafiyayyen inji zai nuna zuƙa wajen bar 0.6 ƙasa da sifili. Ka lura da ma'aunin da na'urarka take amfani da shi: bar 1 daidai yake da psi 14.5 ko kPa 100. Akwai wanda ya ga 1.2 a fuskar na'ura ya ɗauka abu kaɗan ne, alhali ya haura psi 17.

Saiti a kan hanya

Ku zama mutum biyu, ɗaya yana tuƙi, ɗaya idonsa a kan agogo. Ku nemi miƙaƙƙiyar hanya wadda babu jama'a babu dabbobi, idan kuma akwai garejin da yake da injin gwaji na ɗora mota a kan nadi, ya fi. Ku bar inji ya yi zafinsa na aiki.

Gwajin farko da na'ura a kashe. A giya ta uku, daga juyin inji 2,500 a minti, ka taka totur a hankali har ƙasa. Allura ta tsaya wajen psi 7. Idan ta wuce 9 tana ci gaba da hawa, ɗaga ƙafa nan take, akwai kuskure a haɗin tiyo. Kada ka wuce wannan mataki sai ka ga 7 ɗin nan da idonka, sau biyu ko uku.

Sannan ka kunna, amma ka fara saita gargaɗi da iyaka kafin komai. Idan psi 10 kake nema, ka sa gargaɗi a 11, ka ce ta rage da yawa idan an kai nan. A Profec, SET shi ne kason lokacin da bawul yake tare iska, lamba ce ta kashi cikin ɗari, ba psi ba. Ka fara daga ƙasa, ka riƙa ƙara 5, kowane ƙari da gwajinsa, kana rubuta abin da ka gani. Idan ka kusa inda kake so, ka koma ƙara 1 ko 2. Bayan nan sai matsin farawa, wato inda bawul zai riƙe ƙofa a rufe gam kafin ya fara sassautawa, ka sa shi psi 3 ko 4 ƙasa da abin da kake nema. Idan ya matso sosai, allura za ta yi tsalle ta wuce sannan ta dawo. GAIN kuma shi yake hana matsi zamewa idan juyi ya yi sama. Ka ƙara shi kaɗan-kaɗan, da ka ga allura ta fara rawa gaba da baya, ka koma baya. Ka tuna ƙara GAIN yakan ɗaga matsin gaba ɗaya, sai ka rage SET. Idan ka gama, ka gwada a giya ta huɗu, domin a can kaya ya fi nauyi kuma matsi ya fi hawa.

Duk wannan lokaci mai kallon agogo yana duban haɗin iska da mai. A tafiya ta yau da kullum wajen 14.7 yake nunawa. Da totur a ƙasa da matsi a sama, ana son ya sauko wajen 11 zuwa 11.8. Idan ya haura 12 yana tafiya sama, mai ya yi kaɗan, a ɗaga ƙafa. Ku kashe rediyo da iyakwandishan ku saurara. Ƙwanƙwasa tana yin ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. A gareji idan aka ce inji ya yi nokin ana nufin ya riga ya mutu, to wannan ƙarar ita ce hanyar da take kai shi can.

Nawa za ka nema? Masu wannan mota a Amurka, da fetur mai daraja ta sama, sukan tsaya wajen psi 12 da kwamfutar kamfani, su kai 14 ko 15 bayan an sake mata lissafi, kuma a nan nozul ɗin feshin mai na kamfani masu cc 370 da ƙananan turbon sun kusa ƙure ƙarfinsu. Nissan ta ƙera injin ne domin fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai, ga zafin Afrilu da yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, intakula tana shan iska mai zafi. A wannan hali ni ba na wuce psi 10, kuma da rana tsaka ina komawa ƙaramin saiti. Yawancin na'urorin suna da saiti biyu, ka bar ƙaramin kusa da na kamfani ya zama na kullum.

Saitin da ka yi cikin zafi ka sake gwada shi da sanyin safiyar hunturu, domin iska mai sanyi ta fi nauyi kuma allura takan wuce inda ka bar ta. Bayan mako guda ka ɗaga bonet inji yana sanyi, ka ja kowane tiyo da hannu, ka duba ko wani ya yi laushi ko ya canza launi kusa da zafi, ka zare fulogi ɗaya daga kowane ɓangare ka kwatanta su. Idan ka ga ɗigo-ɗigon baƙi ko na ƙarfe a jikin farin kan fulogin, ƙwanƙwasa tana faruwa ko da kunnenka bai ji ba, sai ka sauke matsin da psi 1 ko 2 ka sake dubawa.